Kakana da Yake Fara Mutum Daga Albasa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kaka ya riga mu tafiya. Kakana ne na wajen uwa, mai fentin motoci da allunan shaguna a Jega. Ya cika da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar, kafin la'asar layinmu na Sabon Gari ya cika har masu babur suka daina bi ta nan.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya ce ya aka ji da haƙuri, a yi addu'a a shafa. Daga nan sai ya ce, "Na tuna wata rana," kafin ya kai ƙarshen labarin an fashe da dariya, ana yi ana share hawaye. Direbobin motocin albasa sun zo daga Aliero ƙungiya guda. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye motarsa a bakin layi, ya juyo da bayanta wajen jama'a don a ga ɗan kokawar da Kaka ya zana masa a jikin ƙofar baya. Wani mai aski ya ciro allon shagonsa ya rungumo shi har ƙofar gida, kawuna shida a jere kowanne da irin askinsa, yana nuna wa mutane yana cewa na ukun nan shi ne da kansa lokacin yana da gashi. Wata tsohuwa daga Maiyama ta zauna kusa da Inna, mahaifiyata, da wani abu naɗe a zani a kan cinyarta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Ni kuwa wayata ba ta huta ba. Saƙonni ne daga zaurenmu na masu zane a intanet, mutanen da ba su taɓa taka Jega ba, ba su san fuskar Kaka ba, muryarsa da hannunsa kawai suka sani. Suna ta tambayata wane irin mutum ne. Saboda su nake rubuta wannan, kuma saboda kada a wayi gari fentinsa ya koɗe a jikin motoci, labarinsa ya bi shi.

Ina aji uku a sakandare ya kama ni. A lokacin akwai wata jaruma a wani fim mai dogon zango da na mace a kanta, na cika bayan littafin lissafina da fuskarta. Ina kwance a tsakar gida ina zana ta, ban ji shigowarsa ba, sai ganin inuwarsa na yi a kan takarda. Ya ɗauki littafin, ya miƙa hannu nesa da idonsa, ya juya shi sama da ƙasa.

"Amarya, wagga baiwar Allah mi yas same ta?" Haka yake kirana, wasan kaka da jika. "Idanu bisa goshi, wuya awa na raƙumi. An kai ta asibiti kuwa?"

Na fizge littafina zan yi kuka. Ya ce in tashi in ɗauko masa albasa a madafa. Na kawo. Ya zaro fensir daga bayan kunne, inda kullum yake zaune, ya ja layi a jikin albasar daga sama zuwa ƙasa, ya ja wani ya zagaye cikinta.

"Kan mutum albasa na. Inda layukan ga sunka gamu, nan idanu suke. Tsakiya. Ba sama ba."

Na ce ƙarya ne, kowa ya san ido a sama yake. Ai kuwa kamar na sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya ja ni wajen Inna tana tsintar shinkafa, ya ce in auna daga haɓarta zuwa ido, sannan daga ido zuwa tsakar kai. Inna tana cewa, "Baba, don Allah ku bar ni in yi aikina," shi yana cewa ta tsaya cik, ilimi ake nema. Tsinken ya fito daidai. Na sake aunawa, daidai. Na yi ihu, na bi duk wanda ke gidan da tsinke, har baƙuwar da ta shigo sayen ƙanƙara. Kaka yana tsaye yana juya albasar, yana nuna mini yadda layukan ke lanƙwasa idan mutum ya duba ƙasa ko ya waiwaya. Ranar ban ci abincin rana ba.

Bai taɓa zaunar da ni ya ce yau darasi ba. A tsaye yake koyarwa, yana wanke buroshi da kananzir ko yana feƙe fensir da reza, goro a kunci, ɗigon shuɗin fenti a gemu. Ya ce kai shi ne mudun awon jiki: babban mutum kai bakwai da rabi ne, jariri kuwa wajen huɗu, shi ya sa idan ka ba babba ƙaton kai sai ya koma yaro. Gwiwar hannu tana sauka daidai ƙugu. Idan ka saki hannu, yatsu suna kaiwa tsakiyar cinya. Tafin hannu kuma ya kusa rufe fuska.

"Aza hannunki ga huska ki gani," in ji shi.

Na aza. Ya buga bayan hannun, na mari kaina. Ya yi dariya har ya ƙware da goro. Daga baya na ji cewa duk wanda ya taɓa koyon fenti a wajensa ya sha wannan marin.

Jiki kuwa da kayan gida yake gina shi. Albasa kai, tulu ƙirji, ƙwarya ƙugu, karan dawa hannuwa da ƙafafu, goriba a kowace gaɓa. Sai waɗannan sun tsaya da kyau yake yarda a sa wa mutum riga. Ni kuma gaggawa nake in kai ga kwalliya, ɗinkin wuya da ɗan kunne. Yakan ce, "Ba a yaɓe kamin gini. Riga ba ta tsayi ita ɗai, sai da mutum ciki." Idan ya ga ina danne fensir har takarda na hujewa, sai ya ce, "Sassauta, amarya, ba huɗa kike ba."

Ranar kasuwa ita ce babbar makaranta. Rumfarsa tana kusa da inda ake lodin hatsi, yakan ba ni benci a ciki da takardun buhun siminti da ya yanka ya goge. Sharaɗin shi ne in zana mai dako kafin ya kai buhu bakin mota. Da farko ina kan ido ɗaya mutumin ya wuce. Kaka ya ce in bar ido, in nemi bayan mutum: layi ɗaya daga wuya zuwa diddige, shi ke faɗin ko mutum gudu yake, ko ya gaji, ko ciniki ya ɓata masa rai. Ya nuna mini cewa ƙafar da ta ɗauki nauyi tana ƙarƙashin maƙogwaro, idan ba haka ba mutumin takarda faɗuwa zai yi. Ranar da na fara kama wani dillalin awaki da layi biyar kacal, ya duƙa yana duba haƙoran akuya, Kaka ya fizge takardar ya fita tsakiyar hanya yana ɗagawa. "Ku zo ku gani! Wa kunka gani nan?" Masu dako suka taru, suka ambaci sunan dillalin baki ɗaya. Dillalin ya zo ya duba ya ce shi ba shi da wannan ƙusumbin, amma ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Hannu ne ya fi ba ni wuya, sai na koma ɓoye shi. Matan da nake zanawa duk hannayensu cikin hijabi, maza kuma cikin aljihu. Ya jera zanena goma a ƙasa ya ce, "Garin ga naki duk ɓarayi na? Kowa ya ɓoye hannu." Ya ɗora mini zana hannuna na hagu kullum sau ɗaya, riƙe da cokali, riƙe da carbi, a dunƙule, a buɗe. Na cika littafi biyu da hannaye kamar ƙafar kaza kafin su fara kama da na mutane.

Ba kowa ne ya so sana'arsa ba, kuma na kusa da shi ne ya fi ƙin ta. Yayansa malamin allo ne a unguwar Magaji, kuma a wajensa zana abu mai rai bai halatta ba. Sun yi shekaru suna wannan muhawara, wani lokaci har murya ta tashi. Amma ban taɓa jin Kaka ya yi masa ba'a a bayan ido ba. Idan yayan zai zo rumfa, yakan juya allunan su fuskanci bango, ya shimfiɗa masa buzu. Duk ɗalibin da ya sauke a makarantar yayan, Kaka ne ke yi wa allonsa zayyana, kuma bai taɓa karɓar komai ba. Yayan ne ya yi masa salla. Da ya shigo yi wa mata gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni da ƙanena ba mu daidaita ba, kuma har gobe ina bisa magana tau. Amma ban san ranar da yac cuci wani ba. Allah shi gahwarta mishi." Ya juya ya fita.

Tsohuwar Maiyama sai a rana ta uku ta kwance zaninta. Zanen wani mutum ne da fensir, a cikin gilashi. Mijinta ne, manomi, ya rasu tuntuni bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ya bar ta da ciki. Da 'yar ta girma ta dame ta da tambayar kamannin ubanta, sai wani direba ya kawo su wajen Kaka. Kaka ya hau mota ya je Maiyama, ya sa aka tara masa ƙannen mamacin, ya ɗauki goshi a wajen wannan, hanci a wajen wancan, matar tana cewa a ƙara, a rage. Ta ce da ya sa ɗan tabon da ke gefen gira, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, don ba ta taɓa kallon mijinta ido cikin ido haka ba. Kwano ɗaya na fura ya sha, ya kama hanya. Mu a gida ba wanda ya taɓa jin labarin nan.

Da na shiga jami'a a Aliero na sami babbar waya, wata ƙawata ta sa ni a zauren masu zane. Matasa ne daga ko'ina, kowa yana zana wanda yake ƙauna: jaruman fim, 'yan ƙwallo, 'yan dambe, har mutanen cikin littattafan da ake karantawa a waya, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Na ɗora jarumata. Cikin masu sharhi wani ya rubuta cewa kafaɗarta kamar an rataye riga a ƙusa. Na goge zanen, na zo gida ƙarshen mako ina kumbure-kumbure.

Kaka ya sa na karanta masa sharhin. Ya ce, "To, ƙarya yay yi?" Na tura baki. Ya ce, "Ni allona bakin hanya shike kwana, mai babur na zagi, mai jaki na zagi. Wanda yaz zage ki, ki bar shi da halinai. Wanda yan nuna miki wurin da kafaɗa ta karye, wanga malami na, kyauta." Ya sa na gyara na mayar.

Daga ranar zauren ya shiga ransa. Kowace Asabar sai ya ce in buɗe masa "kasuwar yaran ga". Shi ya koya mini ɗaukar hoton zane, shi da bai taɓa riƙe irin wayar ba: a inuwa da safe, takarda a shimfiɗe, kada inuwar hannuna ta faɗa kai, kuma in goge idon wayar da gefen mayafi. Ya ce in riƙa rubuta sunana a cikin zanen, a lanƙwasar riga, inda mai son yanke suna ba zai iya ba sai ya yanke mutum. Ya ce idan hoton wani na kalla na zana, in faɗa. Ya hana ni ɗora fuskar 'yar kowa ko matar kowa sai da izini. Sannan ya fara aika gyara da murya. Zai sa a faɗaɗa masa zanen wani yaro daga wata jiha, ya matso da wayar bakinsa kamar mai kiran salla, ya ce, "Ɗana, ɗan ƙwallon ga naka ya yi kyau ƙwarai, amma in yab buga ƙwallon ga hwaɗuwa za shi yi. Jawo ƙahwar hagu ƙarƙashin wuya." Zaure ya rikice. Kowa yana so Kaka ya duba nasa. Wasu har da gangan suke ɗora zane mai karkataccen wuya don su ji abin da zai ce.

A nan ne na yi abin kunya. Na ga ana yabon wasu fiye da ni, ni da nake jikarsa. Sai na buga hoton jarumar a takarda, na manna a gilashin taga, na aza farar takarda a kai na bi layi. Ya fito kamar ta yi magana. Yabo ya yi ta zuba kwana biyu, har ana tura shi wasu zauruka. Na kawo wa Kaka ina rawar kai.

Ya duba ya daɗe. Bai yi dariya ba. Ya zaro fensirinsa ya miƙo mini da takarda. "Sake min ita nan gabana."

Na fara. Abin da ya fito ko kusa bai kai ba. Ya ce, "Ba hannunki na ba. Na san hannunki awa yadda nis san tahiyarki."

Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce, "Kaka, zamani ya canza. Kai allon aski ka sani, wannan harkar intanet ce."

Ya karɓi fensirinsa ya mayar bayan kunne, ya shiga ɗaki. Asabar biyu bai ce a buɗe masa kasuwa ba, bai kira ni amarya ba, gaisuwa kawai. A zaure ana ta tambaya ko Kaka lafiya. Inna ta same ni ta ce, "Da allon askin nan aka yi mini kayan ɗaki, da shi aka sai miki littafin da kike zane a bayansa." Ba ta ƙara ba.

Na koma makaranta, na rubuta a zaure cewa zanen nan bi na yi ta gilashi, ba gwanintata ba ce, kuma na yi wa kakana rashin kunya a kansa. Na danna na kife wayar. Wasu sun yi mini dariya, wata ta ce dama ta sani. Amma mutum uku suka fito suka ce su ma sun taɓa yi.

Washegari da rana aka ce ana nemana a bakin ƙofar makaranta. Kaka ne a bayan ɗan acaɓa, tun daga Jega, da ɗaurin takardun siminti a cinya, hularsa ta karkace. Ƙawata ce ta tura wa ƙanena abin da na rubuta, ya karanta masa. Na durƙusa a nan gaban mutane na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, amarya, kada a ce na yi miki saki." Sannan ya ce bin layi ba laifi ba ne idan koyo ake, shi ma da haka ya gane yadda doki ke naɗe ƙafa. Laifin shi ne ka ce naka ne. Ya sauke mini takardun, ya ƙi ko shan ruwa, wai ya bar fenti a buɗe.

A daminar da ta wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka dawo da shi gida, magana tana fita da ƙyar, hannun da ya yi shekara da shekaru yana ja wa motoci layi ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba. Mun ɓoye buroshi da gwangwanayen fenti don kada ya gani ransa ya ɓaci. Sati uku yana kallon bango.

Wata safiya ina shara ya kira ni da ido. Ya nuna kunnensa. Na gane, na kawo fensir. Ya karɓa da hagu. Na riƙe masa allo, ya ja da'ira, ta fito kamar an taka ƙwai. Ya kalle ta, ya kalle ni, sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Na zaci kuka ne. Dariya yake.

Kullum bayan karin kumallo sai ya yi awa guda. Da'ira, tulu, ƙwarya, karan dawa, duk abin da ya koya mini ya koma yana koya wa hannunsa na hagu, yana yi masa faɗa kamar ɗan wani. Bayan wata biyu ya gama mutum guda: wani ɗan damben da ya yi tashe a ƙuruciyarsu, wanda Kaka ke bi gari gari don kallo, ya duƙa ya miƙa hannun tsaro, naɗaɗɗen hannun yana baya. Layukan suna rawa, amma mutumin a tsaye yake, kana ganinsa ka san duka na tafe.

Ya ce in ɗora. Na ce zan rubuta cewa Kaka ne ya zana da hagu bayan rashin lafiya. Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗauki lokaci kafin kalmomin su fito. "Ba suna. Sabuwar lamba. Ki ce, ɗan koyo na, daga Jega. A gyara mishi."

Na karɓi wayar ƙanena na shiga zauren da ita, na rubuta yadda ya ce. Muka zauna muna jira, shi da ni da Inna. Sharhi ya fara shigowa. Wani ya ce sannu da ƙoƙari. Wata ta ce ya riƙa sassauta fensir. Sai ga wata yarinya da ba ta fi wata biyu a zauren ba, ta rubuta: "Ɗan'uwa, tsayuwar ta yi kyau sosai, amma hannun gaba ya yi tsawo. Ka auna da kai. Kada ka karaya, kowa da haka ya fara."

Na karanta masa ina jin kunya a madadinta. Kaka ya sa na kawo zanen kusa. Ya aza babban yatsa a kan ɗan damben, ya auna, ya gangara da shi bisa hannun. Idonsa ya yi haske. Ya buga tabarma da hagu har kofin shayi ya kife.

"Ta yi gaskiya! Wallahi ta yi gaskiya! Kawo takarda!"

Ya sake zana shi sau huɗu a kwanakin da suka rage masa. Na huɗun yana kan allo, an gama jiki saura ƙafa ɗaya, ranar da ya ce a ɗan kwantar da shi ya huta.

Yarinyar ba ta san wanda ta gyara wa zane ba sai da na sanar da rasuwar, na faɗi wane ne ɗan koyon. Ta kira ni tana kuka, tana cewa in roƙa mata gafarar iyalinsa. Na ce mata ta share hawayenta, a duk jinyar nan ba wanda ya ba shi magani irin nata.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Mu kuma Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe.